An Ɗauke Wuta Ko Waya Ta Faɗo: Yadda Za Ku Sa Maganar Ta Shiga Takardar Hukuma

Kamfanin da ke kawo maka bil ɗin wuta duk wata, shi ma yana da takardun da yake cikewa ya aika Abuja. Hukumar NERC, wadda aka kafa a 2005 don ta sa ido a kan harkar lantarki a Najeriya, tana neman ya gaya mata awa nawa ya ba layukansa wuta, koke nawa ya karɓa, nawa ya warware, mutum nawa wuta ta ja a yankinsa, nawa suka rasu. Da waɗannan takardu take haɗa rahoton da take fitarwa duk bayan wata uku, da su kuma take sanin wanda za ta ci tara. To, wa ke cike takardun? Kamfanin ne da kansa. Abin da ya faru a lungunku in bai shiga littafinsu ba, a wajen hukuma bai faru ba, ko da kun yi wata guda kuna kwana a tsakar gida saboda zafi.

Ƙanƙara nake sayarwa da ruwan leda mai sanyi, kuma ni ke riƙe da takardun kwamitin unguwarmu. Duk daren da babu wuta ina ganin kuɗina na narkewa yana bin ƙasan firiza, shi ya sa na koyi hanyar da ake bi magana ta isa inda ake rubutu. Ba lauya ba ne ni, ba injiniya ba. Abin da zan faɗa, wanda na gani yana aiki ne.

Ka fara da sanin layin da kake kai. Mutane da yawa sun san sunan kamfaninsu, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, JED a Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, YEDC a Adamawa da Borno da Yobe da Taraba, AEDC a Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi, amma ba su san sunan fidarsu ba. Fida ita ce babbar wayar da ke fitowa daga tashar rarraba wuta, yawanci mai ƙarfin 11kV ko 33kV, ta bi titi tana ba taransifomomi wuta ɗaya bayan ɗaya. Kowace fida da sunanta, kowace taransifoma ma haka. Duba bil ɗinka ko rasit ɗin katin da ka saya, sau da yawa suna nan a rubuce tare da rukunin da aka sa ka. In babu, ka je ofishinsu ka tambaya, haƙƙinka ne ka sani.

Rukunin nan shi ne alkawarin da ke tsakaninku. Wanda ke Band A an yi masa alkawarin awa 20 a rana aƙalla, Band B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi, kuma hukumar ta ɗaura wa kamfanoni sharuɗɗa a kan wannan ƙari. Dole su riƙa wallafa awannin da kowace fidar Band A ta samu a shafinsu na intanet. In fida ta yi kwana biyu a jere ba ta samu awa 20 ba, su fito washegari su faɗi dalili da lokacin da za su gyara. In ta yi kwana bakwai a jere, a sauke ta zuwa rukunin da ya dace da wutar da take samu. Wannan doka ce mai kyau a kan takarda.

Ga inda gizo ke saƙar. Na'urar da ke ƙidaya awannin nan tana can a bakin fida, cikin tasha. Tamkar mai auna ruwa ne a bakin dam, ya ga ruwa na fita ya rubuta an yi ban ruwa, bai san akwai gonar da kwatarta ta toshe ba. Fidarku na iya samun awa 21 cif, alhali taransifomarku ta ƙone, ko fiyus ɗaya ya tsinke rabin layinku na duhu, ko wutar ta zo ba ƙarfi kwan fitila na ja kamar garwashi, fanka na juyawa da ƙyar. A lissafin da zai je Abuja, kun sha wuta. Wannan giɓin da ke tsakanin tasha da ƙofar gidanku, babu mai cike shi sai ku.

Littafin unguwa

Ku sayi littafi mai kauri, irin na rajistar makaranta mai bango, kada ku yi amfani da falle-fallen takardu. A shafin farko a rubuta sunan unguwa, sunan taransifoma, sunan fida, rukuni, da lambobin mita ko na bil na gidaje kamar goma da suka yarda a yi amfani da nasu. Daga nan kowace rana layi guda: kwanan wata, ƙarfe nawa aka ɗauke, ƙarfe nawa aka kawo, sai ɗan fili na bayani. Ga yadda layi ɗaya ke kasancewa a namu: Talata, an ɗauke 1:40 na dare, an kawo 6:15 na safe, an sake ɗaukewa 11:05, an kawo 4:30 na yamma amma ba ƙarfi har bayan isha'i, firiza bai tashi ba. A ƙarshen layin a tara awannin da aka samu daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. Kada a rubuta "kusan azahar" ko "da daddare". Wanda zai karanta a ofis lamba yake nema, kuma da zarar ya ga "kusan" ya samu ƙofar fita.

Wa zai riƙe shi? Wanda ba ya barin unguwa kuma wuta ta dame shi: tela, mai niƙa, mai cajin waya, mai aski. Ma'aikacin da ke fita bakwai na safe ya dawo magariba ba zai iya ba, komai himmarsa. Dare shi ne matsala, don ba wanda zai ƙi barci yana gadin kwan fitila. Mu mai gadin layi muka ba, da mai shayin bakin titi da ba ya tashi sai dare ya raba. Akwai kuma dabara mai sauƙi: ku buɗe zauren WhatsApp na wuta kaɗai, duk wanda ya ga an ɗauke ya rubuta "an ɗauke", wanda ya ga an kawo ya rubuta "an kawo". Wayar da kanta za ta buga lokaci, da safe mai littafi ya kwashe. Amma a gindaya doka tun ranar farko cewa ba wa'azi, ba tallan atamfa, ba bidiyon siyasa, in ba haka ba cikin mako guda sai ka yi ta laluben "an kawo" a ƙarƙashin saƙonni ɗari.

In taransifomarku na ciyar da layuka masu nisa da juna, ku sa mutum biyu, ɗaya kusa da ita ɗaya a ƙarshen waya. Wuta tana fitowa ne a wayoyi uku, kuma yakan faru gidan da ke kan ɗaya yana da wuta maƙwabcinsa da ke kan wata babu. Littafi biyu da suka saɓa a irin wannan hali ba abin kunya ba ne, shaida ce cewa an cika wa waya ɗaya kaya.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a ƙara gishiri. Ranar da aka ba ku wuta awa 22, ku rubuta 22. Kamfani na da nasa lissafin, kuma in suka kama rana ɗaya da kuka ce babu wuta alhali na'urarsu da rasit ɗin katin wani a cikinku sun nuna akwai, sun rusa littafin gaba ɗaya. Littafin da ya yaba musu ranar da suka kyauta, shi ake yarda da shi ranar da ya zarge su.

A filin bayani, ku yi ƙoƙarin gane irin ɗaukewar. In gidanka kaɗai ne, duba naka wayoyin kafin ka ɗaga murya. In layinku ne kawai, fiyus ne ko waya ta tsinke ko taransifoma. In unguwanni da yawa ne kuma kullum kusan lokaci ɗaya, rabon wuta ne ake yi a kan fida. In gari ne duka har da maƙwabtan jihohi, to babban layin ƙasa ne, wanda ke hannun kamfanin TCN. Kowa ya tuna Oktoban 2024, lokacin da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali na Shiroro zuwa Kaduna na lalace saboda ɓarnar da aka yi masa, akasarin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Irin wannan ba sai kun sanar da kowa ba, duniya ta sani. Amfanin rubuta shi na wanda ba shi da mita ne, domin in bil ɗin ƙiyasi ya zo cif kamar ba abin da ya faru, yana da abin nunawa.

Takarda, da hatimi a kanta

Galibinmu in wuta ta lalace lambar wani ma'aikaci muke kira, wanda muka saba da shi, ya zo da tsani a ba shi na mai. Ban hana ba, wani lokacin shi ne mafi sauri. Sai dai wannan gyaran ba ya shiga ko'ina. Fiyus ɗin zai tsinke sau goma a wata, a gyara sau goma, a ofis kuwa taransifomarku lafiyarta ƙalau. Don haka ko kun kira mutuminku, ku kira lambar koke ta kamfanin ko ku aika saƙo ta hanyar da suka tanada, ku nemi lambar shaidar koke, ku rubuta ta a littafi tare da lokaci. Ƙa'idar hukumar ta ce in an sanar da su su zo su duba cikin awa 24, ƙaramar matsala irin ta fiyus a gyara cikin wannan lokaci. In kuma su ne za su kashe layi don aiki, su sanar tun kafin ranar. Agogon nan ba ya fara tafiya sai an sanar da su ta hanyar da za a iya nunawa.

In abu ya wuce kwana biyu, ko ya zama na kullum, sai takarda. Kowane kamfani dole ya kasance da sashen karɓar koke, wanda suke kira CCU. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A sama sunan unguwa, taransifoma, fida, rukuni da lambobin mita. Sai abin da ya faru da ranakunsa. Sai abin da kuke so a yi, ƙarara: a gyara taransifoma, ko a sauke mu daga Band A zuwa inda wutarmu ta kai, ko a cire kwanakin duhu daga bil. Ban da zagi, ban da tarihin NEPA tun daga zamanin soja. A haɗa da hoton shafukan littafi, littafin kansa ya zauna a gida. Mai unguwa ya sa hannu in zai yiwu, da mutum uku ko huɗu masu mita da sunansu. Ni da Turanci nake sa a rubuta, don fayil ɗin zai iya hawa sama zuwa hannun wanda ba ya jin Hausa, amma sai an karanta wa jama'a fassararta kafin kowa ya sa hannu.

Ku yi kwafi biyu. Ɗaya ku ba su, ɗaya a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu ku dawo da shi. Wannan hatimin ya fi duk abin da ke cikin takardar muhimmanci. Za a iya ce maka "ajiye kawai Alhaji, za mu duba", ko mai hatimin ya fita salla. Ka ce ba komai, za ka jira. Ka samu benci ka zauna, cikin fara'a. Hatimi yakan fito.

Daga ranar hatimi kamfani na da kwanakin aiki 15 ya warware. In sun wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, mataki na gaba shi ne ofishin Forum na NERC, zauren sauraron koke da ke manyan birane da yawa, har da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato. Masu zama a kansa ba ma'aikatan kamfani ba ne, akwai wakilin 'yan kasuwa, na masu masana'antu, na masu amfani da wuta a gida, da injiniya. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai da lauya ba. Abin da za su fara tambaya shi ne ko kun kai wa kamfani, a nan kwafin nan mai hatimi zai yi magana. Za a sa rana a kira ku a kira su. Ku je mutum biyu ko uku, da littafin na asali, wanda ya fi sanin ranaku shi zai yi bayani, ba wanda ya fi murya ba. In hukuncin bai yi muku ba kuna iya ɗaukaka ƙara zuwa hedikwatar hukumar, amma kwanakin da aka bayar kaɗan ne, kada a tsaya jiran taron kwamiti na ƙarshen wata. Ku lura kuma, tun bayan dokar lantarki ta 2023 wasu jihohi, irin su Enugu da Legas, sun karɓi ikon kula da wutar cikin gidansu, don haka ku tambaya ko jiharku ta kafa tata hukumar, kada ku kai takarda gidan da aka tashi.

Masu cewa duk bakinsu ɗaya, ina jin su, kuma ba zan ce abin na sauri ba ne. Amma a Fabrairun 2024 hukumar ta zabtare wa kamfanonin rarraba wuta sama da naira biliyan 10 saboda sun wuce iyakar bil ɗin ƙiyasi, a Afrilun shekarar kuma ta ci AEDC tarar naira miliyan 200 kan cajin kuɗin Band A ga waɗanda ba sa ciki. Tana cizo in an sa mata abu a baki.

Abu biyu kafin in wuce. Mai bil ɗin ƙiyasi da ke jayayya a kan bil kada ya daina biya gaba ɗaya, ya ci gaba da biyan daidai bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba, ya ajiye rasit, don kada a mayar da maganar ta zama ta bashi. Sai karo-karon sayen taransifoma. Hukumar ta sha faɗa cewa sayen taransifoma da falwaya da waya ba aikin jama'a ba ne, na kamfani ne. Na san zafi da asara kan sa a gaji da jira a haɗa kuɗi. In har za ku yi, ku nemi yarjejeniya a rubuce da kamfanin kan yadda za a mayar muku, ko da ta hanyar yunit ne, kafin naira ɗaya ta fita. Bayan an ɗora taransifoma a kan layinsu, ta zama tasu.

In waya ta faɗo

Nan maganar ta fi nauyi. Rahotannin NERC sun nuna sama da mutum 100 ke rasuwa a shekara ta hanyar haɗarin lantarki, a 2023 haka, a 2024 ma haka, kuma tsinkewar waya na cikin manyan dalilai tare da jan wuta ta ɓarauniyar hanya da satar kayan layi da aiki ba kariya. Waɗannan su ne aka rubuta. A Afrilun 2017 babbar waya ta faɗo kan gidan kallon ƙwallo a Kalaba ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, mutum bakwai aƙalla suka mutu, ƙasa duka ta ji. Yaron da waya ta ja a lungu yana dawowa daga Islamiyya cikin ruwan sama, wa ya ji?

Kafin takarda, rai. Wayar da ke ƙasa a ɗauka cewa tana da wuta, ko da unguwa duka duhu ne, domin ana iya maido da layi kowane lokaci, kuma janareton wani da aka haɗa ba tare da raba shi da layi ba yana iya tura wuta baya. A ja da baya taku goma sha biyar aƙalla, a tsayar da manya biyu su tare hanya ta kowane ɓangare, yara ne abin tsoro. Ƙasar da ke kewaye da babbar waya ita ma tana ɗaukar wuta, musamman in da laima, don haka wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya yi dogon taku. Wanda waya ta faɗo wa a mota ya zauna ciki har a kashe layi, sai in motar ta kama da wuta, nan ya yi tsalle da ƙafa biyu haɗe ba tare da ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba. Maganar ture waya da busasshen ice tana aiki ne a ƙaramar wutar cikin gida bayan an gaza kashe babban makunni. A kan 11kV ice ba ya kare kowa, kuma sau da yawa mai ceto shi ne gawa ta biyu.

Akwai wani nau'in da ya fi kashe mutane da yawa a dare ɗaya: babbar waya ta tsinke ta hau kan ƙananan da ke shiga gidaje. Alamarsa kwan fitila ya yi haske fiye da kima ya fashe, soket na tartsatsi, mita na hayaƙi, ana jin ƙara a waje. Abin da zuciya ke ce wa mutum shi ne ya ruga ya zare firiji ko talabijin ko wayarsa da ke caji. Wannan rugawar ce ke kisa. Kada a taɓa komai mai waya, kada a taɓa ƙofar ƙarfe ko famfo, a sa takalmin roba a kwashe yara a fita fili nesa da falwaya, a yi ta kiran kamfani da 112. Ku gaya wa matan gida wannan tun yau, su ne ke ciki in abin ya faru.

Bayan an kashe layi, wanda ba ya numfashi a kwantar da shi a yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri har a isa asibiti. Ba a ɗura masa madara ko ruwa. Wanda ya tashi ya ce lafiyarsa lau shi ma a kai shi, don wuta na ƙona ciki ta bar ɗan tabo a waje, tana kuma rikita bugun zuciya.

Yanzu shaida. Ma'aikata za su zo su ɗaure waya, kuma daidai ne su yi, amma da zarar sun gama, wurin ya koma kamar ba a yi komai ba. Kafin nan, daga nesa, wani ya ɗauki hoto da bidiyo: wayar a ƙasa, inda ta tsinke, falwayar da lambarta in akwai, ruɓaɓɓen katakon da ke riƙe da ita, kayan da suka ƙone. A rubuta lokacin da ta faɗo, lokacin da aka kira, lambar da aka kira, lokacin da aka kashe layi, da sunayen waɗanda suka gani. In kun taɓa kai kuka a kan wayar nan cewa ta yi laushi ko tana tartsatsi, kwafin mai hatimi shi ne takarda mafi ƙarfi da za ku riƙe. Shi ya sa nake cewa wayar da ta sauko har mai ɗauke da itace ke sunkuyawa, a rubuta a kanta yau.

A sanar da 'yan sanda a karɓi shaidar rahoto. A asibiti a roƙi likita ya rubuta cewa lantarki ne, a ajiye kowane rasit. In rasuwa ce, mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma ba na cewa a jinkirta, amma yayin da ake haƙa kabari wani ɗan uwa mai natsuwa ya tsaya ya karɓi takardar likita. Bayan an rufe, samun ta wahala ne.

Na san abin da za a ce a zaman makoki: kwana ne ya ƙare, a bar kaza cikin gashinta. Mun yi imani da ƙaddara, ba mai ja. Amma wayar da ta kashe wannan tana nan, an ɗaure ta ne a inda ta tsinke, gobe wasu yaran za su bi ta ƙarƙashinta. Iyalan mamaci na da ikon yafe diyya in sun so. Rahoton kuwa na unguwa ne, kuma kwamiti zai iya kai shi ba tare da an ɗora wa masu makoki zirga-zirga ba.

Doka ta ɗora wa kamfani ya kai rahoton haɗarin da ya faru a layinsa, amma kada ku dogara da hakan. Cikin kwana biyu ko uku ku rubuta wa kamfanin, ku ba NERC kwafi, ku ba NEMSA kwafi. NEMSA ita ce hukumar da dokar 2015 ta kafa don duba ingancin layuka da kayan wuta da binciken haɗari, tana da ofisoshin sufetoci a sassan ƙasa. Ku nemi su zo su duba layin duka, ba inda ya tsinke kaɗai ba. Ku shirya jin tambayar da ba za ta yi daɗi ba, domin za su auna nisan gini da waya. Ƙa'ida ta ce a bar mita biyar da rabi kowane gefe na layin 11kV da 33kV, mita 15 a na 132kV, mita 25 a na 330kV. Shagon da aka kafa ƙarƙashin waya, ko gidan da ya ja wuta ta bayan mita, yana raunana maganarku, kuma gara ku san haka kafin sufeto ya iso.

In wakilan kamfani sun zo ta'aziyya, a karɓe su da mutunci. In sun zo da ambulan da takardar sa hannu, a ce za a duba. Wata takardar shaidar karɓar gudummawa ce kawai, wata kuwa tana cewa an rufe magana har abada, kuma da Turancin lauyoyi ake rubuta su duka. A nemi kwafi, a kai wa lauya ya karanta. Wanda ba shi da halin biya ya je ofishin Legal Aid Council na jiharsa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, da hotunan, da takardar likita, da ta 'yan sanda, da kwafin kukan da aka kai tun kafin wayar ta faɗo.